Kitso a Amurka: wace takarda ake nema, me kuma ya kamata ki iya kafin ki karɓi kuɗin kowa?

Tambaya: Na iya kitso tun ina yarinya, yanzu kuma ina zaune a Amurka, ina so in mai da shi sana'a. Wasu sun ce sai na shiga makarantar gyaran gashi na samu lasisi, wasu sun ce ba a buƙatar komai. Wanne ne gaskiya, ta ina kuma zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, duk su biyun gaskiya suka faɗa miki, kowa dai labarin jihar da yake zaune yake ba ki. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ba da lasisin kitso. Kowace jiha da dokarta, kuma a yawancin jihohi hukumar da ke kula da masu gyaran gashi da kwalliya, wadda suke kira Board of Cosmetology, ita ke da ta cewa. Saboda haka kada ki biya kowace makaranta ko sisi kafin ki buɗe shafin hukumar jiharki ki karanta abin da ta rubuta game da kitso. Nan ne mata da yawa suke asarar kuɗi: a sayar musu da kwas mai tsada a jihar da doka ba ta neman ko awa ɗaya, ko su yi kwas a intanet wanda hukumar ba ta san da zamansa ba.

Jihohi sama da 30 sun cire makitsa daga dokar lasisi gaba ɗaya. Cikinsu akwai Kalifoniya, Texas, Georgia, Arizona, Virginia, Michigan da Utah. Florida a da tana neman kwas na awa 16, ta soke shi a 2020, Pennsylvania ma ta soke lasisinta na awa 300 a 2024. A irin waɗannan jihohi babu wanda zai tambaye ki takardar makaranta kafin ki kama kan mutum.

Akwai kuma jihohin da rajista kawai suke nema, da ɗan karatun tsafta. A Mississippi, tun 2005, makitsiya tana rajista ne da ma'aikatar lafiya, ta biya dala 25, ta amsa 'yan tambayoyi kan tsafta ta ajiye takardar a wurin aikinta. Missouri tun 2018 tana neman rajista da kallon bidiyon koyarwa na awa 4 zuwa 6. South Carolina kwas ɗin awa 6 take nema. Wannan rukuni aikin mako ɗaya ne ko biyu.

Masu nauyi su ne jihohin da suka yi wa kitso lasisi nasa na musamman. New York da North Carolina awa 300 suke nema, Alabama 210, Louisiana 500. Idan kina zuwa makaranta awa 30 a mako, awa 300 mako 10 ke nan; idan da yamma kawai kike zuwa, awa 15 a mako, zai kai ki mako 20. Ki lura da sunan lasisin, domin ba lallai ki ga kalmar kitso a jikinsa ba. A New York sunansa natural hair styling, a Louisiana kuwa alternative hair design. Wadda ba ta san sunan ba sai ta duba jerin lasisin jiha ta ce babu na kitso, ta faɗa babbar makaranta ba gaira ba dalili.

Babbar makarantar ita ce ta cikakken gyaran gashi da kwalliya, wadda a yawancin jihohi ke cin awa 1,000 zuwa 1,500. Awa 1,500, ko kina zuwa awa 40 kowane mako, kusan wata tara ne, kuma wani bincike da ƙungiyar lauyoyi ta Institute for Justice ta fitar a 2021 ya nuna matsakaicin kuɗin irin wannan karatu ya haura dala 16,000. Abin da ake koyarwa a ciki aski ne da rini da sinadaran miƙar da gashi da gyaran farce da fata. Kitso, in ma ya shigo, ɗan tsakure ne. A da wannan lasisin ake tilasta wa makitsa a jihohi da yawa, kuma shari'o'i ne suka karya lagon abin. A 1999 kotun tarayya a Kalifoniya ta ce babu hankali a tilasta wa JoAnne Cornwell awa 1,600 na karatun da bai shafi aikinta ba. A 2012 wata kotun ta faɗi haka a Utah a ƙarar Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, wadda aka ce sai ta yi awa 2,000. Isis Brantley kuwa kama ta aka yi a Dallas ta jihar Texas a 1997 saboda kitso ba lasisi. A 2007 Texas ta rage abin zuwa awa 35, a 2015 ta soke shi baki ɗaya. Na kawo wannan tarihi ne don ki gane dalilin da ya sa maganar mutane ke cin karo: wadda ta zo ƙasar shekara goma sha biyar da suka wuce tsohuwar doka take riƙe da ita. Dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma galibi sassauci ake yi.

Yanzu ga abin da ya fi jefa makitsa a tarko, har a jihohin da suka saki mara. Sassaucin na kitso ne tsantsa: kitsawa, murɗawa, naɗewa, dada, da ƙarin gashi, da hannu ko da ƙananan kayan aiki irin su mataji da allura da zare. Da zarar kin ɗauki almakashi kin datse gashin kan mutum na ainihi, ko kin shafa rini, ko man miƙar da gashi, kin fita daga inuwar dokar, kin shiga aikin da sai mai cikakken lasisi. Datse bakin gashin da kika ƙara yawanci babu laifi. Wanke kai da manna gashi da gam kuwa jihohi sun sha bamban a kansu, sai ki karanta ma'anar da dokar jiharki ta ba kitso kalma bayan kalma. Kwastoma za ta ce, "Ɗan rage min bakin gashin nan kawai." Wannan "kawai" ɗin ita ce ke jawo tara. Idan kin san a ranki kina son yin rini da aski nan gaba, to babban lasisin ya cancanci kuɗinsa. Idan kitso ne kaɗai burinki, ban ga dalilin ɗaukar bashi saboda shi ba.

Idan jiharki tana cikin masu neman awoyi, ki fara da jerin makarantun da hukumar ta amince da su, ki zaɓa daga ciki, kada ki bi talla. Kafin ki sa hannu a takarda, ki nemi su ba ki jimillar kuɗi a rubuce, har da kayan aiki da littafi da kuɗin jarrabawa, ki tambayi ɗalibai nawa cikin ɗari suke cin jarrabawar jiha a zaman farko, da abin da za a mayar miki idan kika bari a tsakiya. Ki sani tallafin karatu na tarayya mai suna Pell an saba ba da shi ne ga kwas na awa 600 zuwa sama, don haka gajeren kwas ɗin kitso yawanci daga aljihu ake biya, sai ki nemi biya kashi-kashi. Awoyin nan da agogo ake ƙirga su, ana sa hannu lokacin shiga da fita. Ki riƙa ajiye naki lissafin, domin idan makaranta ta rufe ko takardunta suka rikice, abin da ke hannunki ne zai cece ki.

Wadda ta daɗe tana kitso a wata ƙasa ta tambaya ko gogewa tana maye gurbin makaranta. New York, alal misali, tana duba takardun wadda ta yi shekara biyar tana aikin bisa ƙa'ida a wajen jihar, kuma tana ba da lasisin wucin gadi na wata shida kafin a gama jarrabawa. Amma shaida ake so a rubuce, ba "kowa ya san na iya" ba: wasiƙar wurin aiki, takardar haraji ko rajistar shago, tare da fassarar Turanci da aka tabbatar.

Jarrabawar kashi biyu ce a yawancin jihohin nan, ta rubutu da ta aiki da hannu, kuma makin tsallakewa 70 ne ko 75 cikin 100. Abin mamaki, gwanayen kitso sun fi faɗuwa a ta hannu fiye da yadda ake zato, kuma ba don kitson bai yi kyau ba. Mai duba jarrabawa ba kyau yake bi ba, tsafta yake bi. A kan mutum-mutumin roba za ki yi aikin, amma za ki ɗauke shi tamkar mutum: ki tsaftace hannu kafin ki taɓa shi, kowace kwalba da sunan abin da ke ciki, jakar kaya masu tsafta daban, ta waɗanda aka yi amfani da su daban, ta shara daban. Mataji ya faɗi ƙasa, kin gama da shi, ki sa shi cikin masu datti, ki sake tsaftace hannu, ki ɗauki wani. Saka mataji a aljihu, ko riƙe shi da baki, ko soka shi a gashin kanki, duk halaye ne da hannu ya saba da su ba tare da sanin mai shi ba, kuma kowanne yana cin maki. Ki sauke littafin bayanin jarrabawar daga shafin hukumar, ki yi atisaye da agogo a gabanki har tsarin ya zauna.

Ko da jiharki ba ta neman komai, darasin tsaftar nan ki koye shi. Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Da farko a cire gashin da ya maƙale a mataji, a wanke da sabulu da ruwa, a ɗauraye, a tsane, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya cikin maganin da hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa rajista. Wanda aka fi gani a shaguna, Barbicide, ana haɗa oza 2 da oza 32 na ruwa, kayan su zauna ciki minti 10 cikakku, a zubar a haɗa sabo kowace rana, ko da zarar ya gurɓace. Idan aka tsoma mataji da maiƙonsa, man zai rufe ƙwayoyin cutar maganin ya kasa kai gare su. Idan aka cire a minti biyu, an yi aikin banza. Abin da ke tsotse ruwa, kamar auduga ko soso, ba ya tsaftatuwa, sau ɗaya ake amfani da shi. Tawul kowa da nasa. Idan tsinken tsaga ya ji wa mutum rauni jini ya fito, a tsaya, a sa safar hannu, a goge da maganin rauni, a rufe da filasta, a ƙulle abin da jini ya taɓa a leda, a tsaftace wurin kafin a ci gaba.

Kafin tsaga ta farko ki buɗe kan ki duba shi a haske. Makero yana fitowa da zagayen fili mai ɓawo, gashin wurin a kakkarye, ya fi kama yara, kuma mataji ɗaya ya isa ya raba shi ga yara goma. Man shafawa ba ya kashe na kai, sai maganin sha daga likita. Ƙwan kwarkwata yana manne da silin gashi, ba ya zamewa idan kin ture shi, saɓanin amosani da ke kakkaɓuwa. Ƙuraje masu mugunya, ko gyambo a buɗe, duk dalilai ne na fasa kitson. Ba aikinki ba ne ki faɗi sunan cuta ko ki rubuta magani. Ki ja kwastomar gefe, ki ce kin ga abin da ya kamata likitan fata ya duba, ta dawo idan ya warke.

Babbar illar da ke fitowa daga hannun makitsiya kanta ita ce zubewar gashi saboda ja. Saiwar gashi idan aka daɗe ana ɗaure ta tamau sai ta kumbura, gashin ya tsinke ko ya tuge. Da farko yana komawa idan aka sassauta, amma idan aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru saiwar tana mutuwa ta bar tabo, daga nan babu man da zai dawo da shi. Gaban goshi da saman kunne da ƙeya su ke fara tafiya domin gashinsu ya fi siriri. Alamomin suna bayyana tun mutum yana kan kujera: fatar kai ta ɗago kamar tanti a gindin kitso, gira ta ɗage, ta kasa runtse ido ko juya wuya ba zafi, washegari ƙananan ƙuraje farare su jeru a bakin tsaga. Maganar nan da ake yi cewa kitso sai ya yi zafi yake daɗewa, ƙarya ce da ta cinye goshin mata da yawa. Abin da ke riƙe kitso daidaiton riƙo ne da tsaga mai tsafta, ba ƙarfi ba.

Ƙa'idar ita ce gashin da za ki ƙara kada ya fi ƙarfin gashin da zai ɗauke shi. Idan tsagar ƙarama ce, ƙarin ma ya zama kaɗan. Kalaba mai kauri da tsawo har kugu a kan ɗan tsagi kamar kan yatsa, nauyinta duk a saiwa yake rataye, balle idan ta jiƙe. A layin gaba ki rage kauri, ki bar ƙananan gashin bakin goshi su huta. Wannan ne ya sa kalaba marar ƙulli ta samu karɓuwa: ana fara kitson da gashin mutum, a yi saƙa biyu ko uku, sannan a riƙa cusa ƙarin kaɗan-kaɗan, sai nauyin ya bazu maimakon ya taru a gindi. Tana cin lokaci fiye da mai ƙulli, ki sa wannan a farashinki. Matsakaiciyar kalaba har tsakiyar baya takan ci fakiti 5 zuwa 7, gwargwadon girman fakitin, da awa 5 zuwa 8 a hannun mutum ɗaya.

Gashin roba da aka fi sani, Kanekalon, na kamfanin Kaneka ne na Japan, ko da yake sunan ya zama na kowa a bakin 'yan kasuwa. Wasu fatar kansu ba ta jure abin da aka shafe zaren da shi, sai ƙaiƙayi da kumburi cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da makitsa suka saba yi shi ne jiƙa gashin a ruwan ɗumi da ruwan khal na tuffa, kashi ɗaya na khal cikin uku ko huɗu na ruwa, na minti 15 zuwa 20, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai kafin ranar kitso. Wannan yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya mai da roba ta zama wani abu: a 2025 mujallar Consumer Reports ta gwada nau'i 10 na gashin kitso, ta samu sinadarai masu alaƙa da kansa a dukkansu, da dalma a 9. Don haka ki bar ƙona bakin kitso da wuta, domin hayaƙin ke za ki fi kowa shaƙa, kullum, ki kuma tabbata iska na shiga ɗakin. Rufe bakin kitson da ruwan zafi ya fi, amma shi ma nan ne ƙuna ke faruwa. Ki naɗa tawul mai kauri a wuya da kafaɗa, ta sunkuyar da kai baya, ki riƙe jug ɗin nesa da jikinta, ki tsoma na 'yan daƙiƙu, ki tare gashin da busasshen tawul tun kafin ya taɓa bayanta. Yaro kada ya kusanci wurin.

Ki gaya wa kowa ranar tsifa tun ranar kitso: mako 6 zuwa 8, ba ƙari. Gashi yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, don haka kitson yana nisa da fata yana lilo a kan sabon tsiro. Kuma mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. A mako shida kusan sili 2,000 zuwa 4,000 ke nan da suka maƙale a gindin kitso tare da mai da datti. Idan aka zuba ruwa kafin a warware wannan dunƙulen da yatsa da mataji mai faɗin haƙora, sai ya cukurkuɗe ya zama dada, ƙarshenta almakashi. Ki yi wa kwastoma wannan bayani, in ba haka ba ranar tsifa za ta ga tulin gashi ta ce ke kika cinye mata kai.

Saura maganar takardun da ba na kitso ba. Lasisin jiha ba izinin aiki ba ne. Izinin aiki na hukumar shige da fice ne, kuma rashinsa matsala ce daban wadda lauya ya kamata ya duba miki. Lasisinki na kanki kuma ba lasisin shago ba ne. A New York, misali, wurin sana'ar yana da nasa lasisin daban kuma ana neman inshora ko jingina. Idan a gida za ki yi, ki duba dokar birni kan sana'a a gidan zama da yarjejeniyar hayarki, domin maƙwabci ɗaya da motocin kwastomomi suka dama ya isa ya kai ƙara. Inshorar kare kai daga ƙarar kwastoma ki yi ta ko ba a tilasta ba. Ƙuna ɗaya ta ruwan zafi ta fi kuɗin inshorar shekaru.

Idan shago ya ɗauke ki ma'aikaciya, shi zai cire haraji ya ba ki takardar W-2, mai nuna albashinki da harajin da aka cire, bayan ƙarshen shekara. Idan kujera kike haya, ke ce uwar ɗakin kanki: ribar da ta kai dala 400 a shekara sai kin bayyana ta, akwai harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 cikin 100 ban da harajin kuɗin shiga, kuma ana biya sau huɗu, a tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Kuɗin hannu da na manhajar waya duk kuɗin shiga ne. Ki buɗe asusun banki na sana'a daban, ki ajiye rasit ɗin gashi da jel da hayar kujera domin ana cire su daga abin da za a yi wa haraji, ki kuma riƙa ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ribarki gefe. Lambar harajin sana'a, wato EIN, kyauta ce a shafin hukumar haraji ta IRS, kada wani ya karɓi kuɗinki a kanta.

Lasisi yana ƙarewa, a yawancin jihohi bayan shekara ɗaya ko biyu, a New York bayan huɗu, wasu kuma suna neman 'yan awoyin ƙarin karatu kafin sabuntawa. Idan za ki ƙaura, kada ki ɗauka takardarki za ta bi ki. Wadda ta shekara goma tana kitso a Texas ba tare da lasisi ba, bisa doka, idan ta tsallaka Louisiana awa 500 ke jiranta. Ki rubuta wa hukumar sabuwar jihar tun kafin ki ɗaure kaya, ki nemi amsar a rubuce, ki ajiye ta tare da sauran takardunki.